Ma'aunin Raha na Rod Martin: Sharhi a kan Abin da Ya Auna da Abin da Ya Bari

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 2003 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam mai suna Rod Martin, na Jami'ar Western Ontario da ke ƙasar Kanada, shi da abokan aikinsa huɗu suka buga wata takardar tambayoyi wadda suka sa wa suna Humor Styles Questionnaire, watau ma'aunin salon raha. Tun daga lokacin an fassara ta cikin harsuna masu yawa, har ta zama tana cikin mudun da masu bincike suka fi ɗauka idan suna son auna rahar mutum. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan mudu, a ga abin da yake kamawa da kuma abin da yake zubewa ta gefensa.

Dalilin yin haka kuwa shi ne, ma'auni irin wannan ba ya tsayawa inda aka ƙera shi. Duk ranar da aka ɗora Bahaushe a kansa, ko da Turanci ko da fassara, a aji ko a asibiti ko wurin ɗaukar ma'aikata, to, hukuncin da ya fito zai bi mutumin nan. In mudun ya yi ƙarya, ana iya rubuta mai zumunci a layin masu cin fuska, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba.

2.0 Yadda Aka Faro Auna Raha

Wahalar farko da masana suka ci karo da ita ita ce kusan kowa gani yake yana da raha. Gordon Allport, masanin Amurka, ya ruwaito a 1961 cewa da aka tambayi mutane su kimanta kansu, kashi 94 cikin 100 sun ce rahar tasu ta kai ta tsaka-tsaki ko ma ta zarce. Mutum yakan yarda bai iya lissafi ba, ko bai iya waƙa ba, amma da wuya ya yarda cewa bai san wasa ba.

Wahala ta biyu ita ce ma'anar kalmar kanta. Hans Eysenck ya nuna a 1972 cewa idan aka ce wane yana da raha ana iya nufin ɗayan abu uku: ko yana dariyar abin da mai maganar ke yi wa dariya, ko yana da yawan dariya, ko kuwa shi ne ke sa jama'a dariya. Waɗannan uku ba lalle ne su taru ga mutum ɗaya ba. Akwai mai saurin ƙyaƙyatawa wanda bai taɓa ba kowa dariya ba, akwai kuma mai murtuke fuska wanda in ya jefa kalma ɗaya sai majalisa ta kwashe.

Duk da haka an yi ta ƙera ma'aunai. Sven Svebak na ƙasar Norway ya fitar da nasa a 1974. Shi Martin ɗin, tare da malaminsa Herbert Lefcourt, sun fitar da guda biyu a 1983 da 1984, ɗaya a kan yadda mutum ke amfani da raha wajen jure wahala, ɗaya a kan yawan dariyarsa a yanayi iri iri. James Thorson da F. C. Powell suka biyo da nasu a 1993. Galibin waɗannan ma'aunai sun ginu ne a kan zaton cewa raha duk alheri ce, wanda ya fi maki shi ya fi lafiyar zuciya. Sai dai da aka gwada makin da lafiyar mutane, dangantakar da aka samu ba ta kai yadda aka zata ba. A nan ne Martin ya ga cewa an zuba gero da tsakuwa a mudu ɗaya, ya kamata a rairaye.

3.0 Tsarin Ma'aunin

Ma'aunin yana da jimloli 32. Mai amsawa zai karanta kowace jimla ya nuna gwargwadon yadda ta dace da halinsa, daga 1, watau sam bai yarda ba, zuwa 7, watau ya yarda ƙwarai. An raba jimlolin gida huɗu, takwas takwas, bisa tambayoyi biyu: shin rahar kan mutum take ɗaukakawa ko huldarsa da jama'a? Shin kuma tana cutarwa ko ba ta cutarwa?

Gida na farko shi ne rahar zumunci, wadda mutum ke yi don ya faranta wa abokan zama, ya sassauta zaman. Na biyu rahar lallashin kai, watau mutum ya iya ganin abin dariya cikin halin da ya shiga, ko da shi kaɗai ne, don kada baƙin ciki ya danne shi. Na uku rahar cin fuska, wadda ta ƙunshi ba'a da izgili da gatse da muzanta wani. Na huɗu rahar ƙasƙantar da kai, inda mutum ke mayar da kansa abin dariya fiye da kima don a karɓe shi. Biyun farko su ake ɗauka masu amfani, biyun ƙarshe masu illa. An gwada ma'aunin a kan mutum 1,195 a Kanada, aka kuma sami cewa maza sun fi mata maki a gidaje biyun ƙarshe.

4.0 Abin Yabo

Ba za a yi wa wannan aiki adalci ba sai an faɗi abin da ya gyara. Raba raha mai amfani da mai illa ci gaba ne na gaske, kuma kowane Bahaushe zai gane shi, domin harshensa ya daɗe da rarrabe barkwanci da zolaya da kakaci a gefe guda, da kuma zambo da habaici da shaguɓe da izgili a ɗaya gefen. Wanda ya ce haƙorin dariya shi ke cizo ya riga ya san dariya ba iri ɗaya ba ce.

Har wa yau, marubutan ba su tsaya ga abin da mutum ya faɗa a kan kansa kaɗai ba. Sun tambayi makusantan wasu daga cikin masu amsawa, suka sami daidaito gwargwado tsakanin maganar ɓangarorin biyu. Sun kuma faɗa da kansu cewa iyakar da ke tsakanin raha mai cutarwa da marar cutarwa ta mataki mataki ce, kuma zolaya mai taushi tana iya shiga gidan zumunci. Bugu da ƙari, Martin ya sake gwada ma'aunin a wasu ƙasashe: a Lebanon tare da Shahe Kazarian a 2004, da ƙasar Sin tare da Guo-Hai Chen a 2007, inda ɗaliban Sin suka sami maki ƙasa da na mutanen Kanada, musamman a gidan cin fuska. Wannan hali ne na malami mai son a binciki aikinsa. Amma fa aibobi biyu suna nan, kuma ba ƙanana ba ne.

5.0 Aibi na Farko: Mai Ƙara Shi ne Alƙali

Ma'aunin ya dogara ne kacokan a kan shaidar mutum a kan kansa. A sauran halaye wannan na iya wucewa, amma a raha akwai hujjar da ta sa a yi shakka. A 1999 Justin Kruger da David Dunning na Jami'ar Cornell suka ba ɗalibai 65 barkwanci 30 su kimanta, sa'an nan suka gwada kimantawarsu da ta ƙwararrun masu sana'ar ban dariya. Ɗaliban da suka fi kowa rauni, waɗanda a jerin mutum 100 matsayinsu na 12 ne daga ƙasa, sun zaci suna mataki na 58. Masana lissafi sun yi ja-in-ja a kan yadda za a fassara wannan sakamako, amma ba wanda ya musa cewa zaton ɗaliban nan ya yi nisa da gaskiyarsu. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutumin da wasansa ke ƙona jama'a sau da yawa shi ne na ƙarshen sani, kuma in aka ba shi takarda, a gidan zumunci zai zuba wa kansa maki.

Akwai kuma suka mai zurfi da ya fi wannan. A 2017 Willibald Ruch da Sonja Heintz na Jami'ar Zurich suka yi wata dabara: suka ɗauki jimlolin nan 32 suka sake rubuta su iri biyu. A iri na farko suka bar zancen raha kawai, a na biyu suka cire raha suka sa wani abu a gurbinta, suka bar sauran jimlar yadda take. Abin da suka samu shi ne, gidan zumunci lalle raha yake aunawa, gidan lallashin kai da na cin fuska rabi da rabi ne, gidan ƙasƙantar da kai kuwa galibinsa sauran jimlar ce ke jan amsa. Da suka ware tasirin sauran jimlar, sai dangantakar da ake ta ambato tsakanin makin da jin daɗin rayuwa ta dushe. Ke nan mutumin da ya ce yakan bari a yi masa dariya fiye da kima, abin da ya bayyana shi ne rashin iya kare mutuncinsa, kuma da an tambaye shi a kan rance ko aike, da amsa ɗaya zai bayar. Mai son ya ce raha magani ce, ya kafa hujja da wannan ma'auni, sai ya fara warware wannan ƙulli.

6.0 Aibi na Biyu: Ba a Tambayi da Wa Ba

Jimlolin ma'aunin suna zancen mutane ne a dunƙule, ko abokai, ko iyali. Akwai wadda ke tambayar ko mai amsawa yakan zolayi wanda ya yi kuskure. Ba ta ce wane ne ya yi kuskuren ba. A ƙasar da aka ƙera mudun wannan giɓi ƙarami ne, domin galibi mutum shi ke zaɓar abokin wasansa. A wuraren da al'ada ce ta ƙayyade wanda za a yi wasa da shi da wanda za a ji kunya, giɓin nan ya isa ya kifar da sakamakon duka.

Masanin al'adu A. R. Radcliffe-Brown ya yi bayanin wannan tun 1940 a mujallar Africa, inda ya nuna cewa a al'ummu da yawa akwai dangantakar da ke halatta wa mutum biyu, wani lokaci ma ta wajabta musu, su yi wa juna rashin ladabi ba tare da wani ya yi fushi ba. A ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai wasan taubasai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, har da kuɗin shara a watan cika-ciki. Akwai wasan jika da kaka, da na matar wa da ƙanen miji. Akwai na garuruwa da ƙabilu, kamar Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada, kamar yadda ake yin ta a Jamhuriyar Nijar, cikin jerin al'adun gado na duniya, saboda amfaninta wajen sulhu da zaman lafiya.

To, a ɗauki misalin saurayi da kakarsa. Ya shigo gaisuwa, ta dube shi ta ce, "Maigida, yau ma haka ka shigo hannu na dukan cinya, ba cefane?" Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, ai tun jiya na sake ki, na samo yarinya mai haƙora." Duk gidan a yi dariya, ita ce ma kan gaba. In aka bi lafazi, maganar nan ta ƙunshi gori da muzantawa, kuma gidan cin fuska ne mazauninta. In aka bi aikin da ta yi, babu maganar da ta fi ta ƙulla zumunci a gidan ran nan. Da yaron zai shigo ya durƙusa ya gaishe ta a bushe ya tashi, sai ta aika a tambayo ko lafiya.

Wannan saurayi kuma, in ya fita ya gamu da surukinsa, ko ido ba zai iya ɗagawa ba, balle wasa. In ya isa kasuwa ya tarar da taubashinsa, zai kira shi bawa a gaban jama'a. In aka miƙa masa takardar Martin, wanne daga cikin mutanen nan uku zai sa a ransa kafin ya zaɓi lamba? In kakarsa ya tuna zai rubuta 7, in surukinsa ne zai rubuta 1, in kuwa ya raba tsakani ya rubuta 4, to, ya ba da lambar da ba ta siffanta shi a ko'ina ba. Alhali abin da ya cancanci a yaba masa shi ne sanin da ya yi cewa nan 7 ce ta dace, can kuwa 1. Wannan sani shi ne gwanintar, kuma shi ne ainihin abin da mudun bai da gurbin zuba shi.

Haka nan gidan ƙasƙantar da kai. Ɗan kama, wanda C. G. B. Gidley ya yi nazarin sana'arsa a 1967, yakan fito da kansa a matsayin mayunwaci marar ƙoshi, ya juya wa'azi da waƙa su koma zancen tuwo da fura. Wawan sarki yakan ƙasƙantar da kansa har ya sami damar faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Waɗannan sun san abin da suke yi, sun kuma san inda za su tsaya. A haɗa su da mai raunin zuciya wanda ke sayar da mutuncinsa don a zauna da shi, kuskure ne babba.

7.0 Ina Gwanintar Take?

Dole a faɗa cewa Martin bai yi da'awar ma'auninsa na auna iyawa ba. Salo ya ce yana aunawa, watau hanyar da mutum ya saba bi. Laifin ya fi komawa kan masu ɗaukar makin su mayar da shi shaidar ƙwarewa. Masu neman auna iyawa wata hanya suka bi: a ba mutum zanen ban dariya da aka cire masa rubutu, ya ƙago nasa, alƙalai su ba shi maki. Gil Greengross da Geoffrey Miller sun yi haka da ɗalibai 400 a Jami'ar New Mexico, suka buga sakamakon a 2011, inda suka sami cewa masu kaifin basira, musamman ta fuskar harshe, sun fi iya ƙagowa. Wannan hanya ta fi ta farko ta fuska ɗaya, domin hukuncin ya koma hannun wasu. Amma ita ma mutum ne shi kaɗai da takarda da alƙalami, ba mai mayar masa da martani.

Binciken Robert Provine ya nuna nisan wannan da rayuwa. Shi da ɗalibansa sun bi wuraren taruwar jama'a a Amurka suka rubuta dariya 1,200 da maganar da ta gabaci kowacce. Wadda ta biyo bayan abin da za a iya kira barkwanci ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba, sauran duk maganganu ne na yau da kullum. Ya kuma sami cewa mutum ya fi yin dariya wajen ninki 30 in yana cikin mutane bisa ga in yana shi kaɗai. Ke nan dariya ta fi rataya ga wanda ake tare da shi bisa ga abin da aka faɗa.

In aka tattara waɗannan, gwanintar raha tana da rassa huɗu. Na farko ganewa, watau mutum ya fahimci inda aka dosa. Na biyu ƙagowa. Na uku sanin muhalli: da wa, yaushe, kuma zuwa ina. Na huɗu ɗauka, watau in aka juyo kansa ya iya haɗiyewa ya rama da daɗi. Idan Bahaushe ya ce wane bai san wasa ba, sau da yawa wannan reshe na huɗu yake nufi, kuma tsakanin abokan wasa wanda ya fusata shi ne ya ji kunya, ko da shi aka fi ci wa fuska. Ruch da René Proyer sun taɓo gefen wannan a 2008 da suka ƙera ma'aunin tsoron a yi wa mutum dariya, wanda aka gwada a ƙasashe 73. Reshe na uku kuwa, wanda shi ne ke riƙe da sauran, shi ya fi wuyar aunawa, domin wani lokaci alamarsa ita ce shiru. Mutumin da barkwanci ya zo masa baki a gaban mai sabon rashi ya haɗiye shi ya nuna gwaninta, amma takarda ba ta da layin da za ta rubuta masa wannan.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ma'aunin Martin ya yi aiki mai kyau wajen raba raha gida gida, kuma yana da amfani ga mai son sanin yadda mutum ke kallon kansa. An kuma ga cewa shaidar mutum a kan rahar kansa mai rauni ce, cewa wasu jimlolin wani abu dabam suke aunawa, kuma cewa rashin ambaton abokin wasa yana sa a karanta zumunci a matsayin cin fuska.

Saboda haka duk mai niyyar aiki da shi a tsakanin Hausawa, fassarar kalmomi kawai ba za ta ishe shi ba. Ya kamata kowace jimla ta ambaci wanda ake wasan da shi, ko taubashi ne, ko aboki, ko na gaba, ko na ƙasa, a kuma fitar da maki dabam dabam maimakon a tara su wuri ɗaya. Ya kamata a nemi shaidar waɗanda ake yi wa wasan, musamman na ƙasa, irin su mata da ƙanne da barori da almajirai, domin su ne suka san inda yake musu zafi, kuma dariyar da na ƙasa ke yi wa maganar na gaba ba kullum take nuna jin daɗi ba. Ya kamata kuma a ƙara jimlolin da ke tambayar yadda mutum ke yi in aka zolaye shi, da lokutan da yakan kame bakinsa. Kafin a yi wannan gyara, makin da Bahaushe ya samu a wannan ma'auni bai isa a kafa hujja da shi a kan halinsa ba, ko wajen yabo ko wajen zargi.